Inda Aka Kwana a Hoton Andromeda Kafin Saukar Hazo

'Yan'uwa masu koyon ɗaukar hoton sama, tun da ruwa ya ɗauke na mai da hankali kan Andromeda, wato M31, gungun taurarin nan mai siffar murɗe wanda haskensa kan yi tafiyar shekara kusan miliyan 2.5 kafin ya iso gare mu. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya kwatanta shi da ɗan gajimare a shekarar 964, kuma haka ido yake ganinsa har yau idan babu farin wata.

Babban abin da ya ci mini lokaci shi ne saita na'urar da ke bin juyawar sama, wadda da tauraron arewa ake daidaita ta. A yankin Kano, tauraron arewa bai wuce digiri 12 sama da doron ƙasa ba, daidai inda ƙura da hasken gari suka fi taruwa, saboda haka dole na fita bayan gari, inda babu gini ko bishiya ta fuskar arewa. Shi kuwa Andromeda yakan hau har kimanin digiri 60, kuma lokacin ne ya fi kyan ɗauka.

Da gilashin kyamara mai milimita 135 nake aiki, domin faɗin gungun ya ninka na cikakken wata kusan sau shida, kuma babban madubin hangen nesa gutsure shi zai yi. Hoto guda na daƙiƙa 60 ba ya nuna komai sai fari fat a tsakiya da ɗige-ɗige ko'ina. Sai da na haɗa hotuna masu yawa a manhajar Siril, tare da waɗanda na ɗauka gilashin yana rufe domin cire ɗigon da zafin kyamara ke haifarwa, sannan baƙaƙen layukan ƙura biyu na cikin gungun suka bayyana a gefe guda, ƙananan gungayen taurari M32 da M110 kuma suka fito a kusa da shi.

A ganina yawan hotuna ya fi tsadar kaya tasiri, amma sai an haƙura, domin sai ka ninka yawansu sau huɗu kafin tsabtar hoton ta ninka sau biyu. Tsakiyar gungun har yanzu a ƙone take saboda yawan haske, don haka zan ƙara hotuna na daƙiƙa 10 a duhun ƙarshen watan nan, tun hunturu bai kawo hazo ba.