Abin da jerin masu karɓar gurasa ya koya mini

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin tarihi, malaminmu ya ba ni aikin bin takardun Geniza na tsohuwar Alƙahira, wato Fusɗaɗ, in fito da yadda shugabannin Yahudawan garin suka riƙe jama'arsu. Geniza wani ɗaki ne a wurin ibadarsu na Ben Ezra, inda suke zuba duk takardar da ta tsufa, don ba sa jefar da rubutun da ke ɗauke da sunan Allah a bola. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma haka aka rene mu. Tsakanin 1896 da 1897 wani malami Bayahude mai suna Solomon Schechter ya kwashe gutsattsari kusan 193,000 zuwa jami'ar Kambirij ta Ingila, yanzu kuwa hotunan da dama daga cikinsu suna intanet.

Da na fara, manyan sunaye nake farauta. Na kuwa sami Musa bin Maimun, malami kuma likita, wanda ya riƙe muƙamin Ra'isul Yahud, wato shugaban Yahudawan Masar, ya rasu a 1204. Bayan mayaƙan Salibiyya sun afka wa garin Bilbis na ƙasar Masar a 1168 sun kama mutane, ya aika wasiƙu gari-gari yana neman gudummawar fansarsu. Farashin sananne ne a zamanin: dinari 100 a kan mutum uku. Na rubuta babi guda a kan haka na kai wa malam, ina jin na gama.

Ya karanta, ya ce, "Madalla. To ina gurasar?"

Takardun da na riƙa tsallakewa yake nufi, jerin sunayen da na ɗauka ba su da amfani. Duk Talata da Juma'a ana raba wa mabuƙata gurasa, ana rubuta kowa da rabonsa: makaho, maraya, matar da mijinta ya rasu, baƙon da ya zo daga ƙasar Rum. Ga lissafin hayar gidajen waƙafi, ga sunayen waɗanda jama'a suka biya wa jiziya don kada a ɗaure su. Wata uku na yi a kansu. A nan na ga ainihin aikin shugaba, domin wasiƙa tana faɗin abin da ya yi niyya, lissafi kuwa shi ke nuna ko abinci ya isa bakin maraya.

Wani abu kuma ya taɓa ni. Yawancin waɗannan takardu Larabci ne da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Da na je gida hutu sai na buɗe adakar kakana, wanda ya yi mai unguwa. Gara ta cinye kusan rabi. A cikin abin da ya saura akwai rasit na haraji, da rabon gado, da sunayen waɗanda aka ba hatsi a wata shekarar yunwa. Na kwana biyu ina ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, gwaggona na zaune gefe tana faɗa mini gidan da kowane suna ya fito.