Kwana huɗu a Tokiyo ina duba kunnen faifai

Na sauka a filin jirgin Narita da yamma, bayan doguwar tafiya ta Addis Ababa, da ƙaramar tocila da madubin ƙara girman rubutu a aljihu. Su ne kayan aikin mai neman tsofaffin faya-fayan jaz. Washegari na hau jirgin ƙasa na layin Chuo zuwa Ochanomizu, inda kamfanin sayar da faya-fayai na Disk Union ke da shago guda na jaz zalla, kuma a can na shafe rabin yini a tsaye gaban akwatunan faya-fayan Blue Note, kamfanin faya-fayan jaz na Amurka.

Wani zai ce me ya kai faya-fayan Amurka Japan? Tun zuwan makaɗin ganga na Amurka Art Blakey da ƙungiyarsa a Janairun 1961 jaz ya ƙara kama zukatan Japanawa, suka yi ta sayo faya-fayai shekara da shekaru, suka kuma adana su kamar ƙwai a cokali. Shi ya sa faifan da aka buga a 1958 za ka same shi a nan da kwalinsa tsaf.

Faifai ɗaya yakan fito sau goma ko fiye, kiɗa ɗaya, hoto ɗaya, lamba ɗaya, amma kuɗin bugun fari da na baya ko kusa ba su haɗu ba. Misali Cool Struttin' na Sonny Clark, mai lamba BLP 1588, wanda Japanawa suka fi Amurkawa ƙaunarsa. Na ga kwafi uku jere da juna. Abin da ake fara dubawa shi ne adireshin da ke kan takardar tsakiya. Kamfanin Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a 1939, yana rubuta 767 Lexington Ave har zuwa wajen 1957, sai 47 West 63rd, sai New York USA daga wajen 1962, sannan sunan Liberty ya hau daga 1966 bayan kamfanin Liberty ya sayi Blue Note. Faifan 1958 mai ɗauke da New York USA ba bugun fari ba ne, komai kyansa. Haka in ka ga INC bayan sunan kamfanin da ƙaramin R cikin da'ira, an buga takardar ne daga wajen 1959 zuwa sama.

Sai dai takarda tana ruɗi. Ma'aikatar bugu ba ta zubar da ragowar takardu, in an zo sake bugawa sai a ɗauko tsofaffin da suka rage a manna. Har akan samu faifai da adireshi ɗaya a gaba, wani daban a baya. Don haka hukunci yana kan robar, a ɗan filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen kiɗa da takarda. Ka riƙe faifan ta gefe da tafin hannu, kada yatsa ya taɓa layukan, ka karkata shi, ka haska tocila a kwance yadda haske zai gogi fuskarsa, sannan ka juya a hankali.

Abu biyu nake nema. Na farko hannun Rudy Van Gelder, injiniyan da ke yanka uwar faifan da ake buga sauran daga gare ta, wanda ya ɗauki sautin a falon iyayensa a Hackensack, kafin ya koma Englewood Cliffs a 1959. A tsofaffin faya-fayai da hannu ya karce RVG, daga baya ya zama hatimi, daga baya kuma aka koma buga cikakken VAN GELDER. Na biyu shi ne abin da masu tarawa ke kira kunne. Harafin P ne mai lanƙwasa, bai kai ƙwayar shinkafa ba, alamar ma'aikatar Plastylite ta New Jersey da ta riƙa buga wa Blue Note har 1966. A juye kama yake da kunnen mutum. Wani lokaci a dishe yake, sai ka juya faifan sau biyu kafin ya fito. A cikin kwafi ukun nan, ɗaya yana da tsohon adireshi da hatimin RVG amma babu kunne ta kowane gefe, wato an buga shi ne bayan 1966 da tsohon ƙarfen bugu da ragowar takarda. Sautinsa zai yi daɗi, tunda daga yankan Van Gelder ya fito, kuma a ganina irinsa ne ya fi dacewa da mai son ji ba mai son ajiya ba.

Akwai kuma zurfafan zobe da ke kewaye a kan takardar, wanda ɗan yatsa ke faɗawa ciki in ka shafa. Tsofaffin injuna ne ke barinsa, ya fara ɓacewa a wajen 1961, har akan samu faifai mai zobe a gefe ɗaya kawai. Na zamanin Lexington bakinsu a shafe yake, babu tudu, ga nauyi a hannu.

Kwana na biyu na tafi Shinjuku, na bi ƙananan shagunan da ke hawa na uku da na huɗu ta matsattsun matakala. Nan na waiwayi sauran kamfanoni a gurguje. Prestige mai takardar tsakiya ruwan ɗorawa da baƙi, adireshin 446 West 50th ya riga na Bergenfield. Columbia mai tambarin ido shida a kan takarda ta riga mai ido biyu, kuma da mai ido shida Kind of Blue na Miles Davis ya fara fitowa a 1959, CL 1355 in mono ne (sauti ta hanya ɗaya), CS 8163 in sitiriyo (sauti ta hagu da dama). Impulse mai ruwan lemo da baƙi, wanda aka rubuta Am-Par a ƙasansa shi ne na farkon farko. Na kuma ci karo da African High Life na Solomon Ilori, makaɗin Najeriya da Blue Note ta ɗauka a 1963, lamba 4136, da New York USA da kunnensa. Wannan ban yi dogon tunani ba, na saye shi.

A wani shago da ke ƙarƙashin ƙasa na kusa yin kuskure. Faifan yana sheƙi, babu karce ko ɗaya, alamu duk sun cika. Na roƙi a sa mini, aka ɗora. Da ƙaho ya ɗaga sama sai sautin ya fara tsagewa kamar ana yaga takarda. Allurar garmaho mai nauyi ta shekarun 1950 ce ta cinye cikin layukan, kuma wanki ba ya gyara wannan. In ka duba da kyau za ka ga layukan sun yi toka-toka a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi. Ƙas-ƙas ɗin ƙura daban ne, shi yana fita da ruwa mai tsabta da burushi mai laushi. Ka nemi a sa maka waƙar ƙarshe ta kowane gefe, don kusa da tsakiya ɓarnar ta fi fitowa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ya nemi bugun Japan na kamfanin King, na ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, ko na Toshiba. Robarsu shiru take, ba ta da hayaniya. Za ka gane su da siririyar takardar da ke ɗaure a gefen kwali, wadda suke kira obi, in ta ɓata kuma kuɗin faifan ya ragu.

Yammacin kwana na uku na zauna a Eagle da ke Yotsuya, ɗaya daga gidajen shan kofi da ake zuwa don sauraron jaz kawai. Da rana ba a hira a ciki. Manyan lasifikoki, mutane kowa ya sunkuyar da kai, a nan na ji yadda mono ke tattara ƙaho da ganga a tsakiya, su zo maka da ƙarfi gaba ɗaya.

Daren tafiya na zauna ɗaurin kaya. Kowane faifai na zare shi daga kwalinsa na ajiye a bayan kwalin cikin leda, don in an bar shi ciki girgizar hanya takan sa bakinsa ya tsaga ɗinkin kwalin. Na haɗa su goma sha ɗaya tsakanin katakon kwali biyu, na ɗaure, na sa a jakar hannu. A gida a tsaye za su zauna, nesa da taga, don faifan da aka bari a mota da tsakar ranar Afrilu a Kano lanƙwashewa yake yi, kuma kafin hunturu ya shigo da ƙurarsa sai na sauya musu rigunan ciki, wato takardun da ake sa faifai a ciki.