Abin da Na Tsinta a Tarihin Kundin Tsarin Mulkin Amurka

Manhajar da muke koyar da darasin gwamnati da ita a sakandare a gurguje take kawo labarin Amurka. Wakilai 55 sun taru a Filadelfiya a 1787, sun yi kusan wata huɗu suna muhawara, 39 suka sa hannu ranar 17 ga Satumba. Da na zauna shirya darasin, na bi sawun labarin ta baya, sai na tarar mutanen nan sun fi shekara 150 suna rubuta wa kansu yarjejeniyar mulki kafin wannan taro, kuma da yawa daga cikin wannan sabo a coci suka same shi.

A Nuwamban 1620 jirgin ruwan Mayflower ya iso gaɓar Cape Cod da fasinjoji 102. Takardar izinin da ke hannunsu ta yankin Bajiniya ce, ga shi sun sauka can arewa, inda ba ta da ƙarfi. Wasu daga cikin fasinjojin suka fara cewa da zarar an taka ƙasa babu mai iko da kowa. Jagororin tafiyar kuwa mutane ne da suka ɓalle daga Cocin Ingila, suka yi zaman gudun hijira a Holan. A wurinsu, coci jama'a ce da ta ƙulla alkawari tsakaninta da Allah da kuma junanta, ta zaɓi limaminta da kanta. Abin da suka iya shi suka yi. Tun ba su sauka ba maza 41 suka sa hannu a 'yar gajeriyar takarda cewa za su kafa dokoki su kuma bi su, sannan suka tsayar da John Carver gwamna.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani mai wa'azi, Thomas Hooker. A 1638, a garin Hartford, ya ɗauko ayar Attaura inda Annabi Musa ya ce wa jama'arsa su zaɓo masu hikima daga kabilunsu ya naɗa musu su shugabanni. Daga nan ya fitar da cewa yardar jama'a ita ce tushen iko, kuma masu zaɓen shugaba suna da damar yi masa iyaka. A farkon 1639 garuruwa uku na Konetikat suka amince da rubutattun ƙa'idojin mulki, har da sharaɗin cewa gwamna ba zai yi shekara biyu a jere ba. Idan na karanta wa ɗalibai wannan sharaɗi nakan ga sun gyara zama, domin zancen tazarce ba baƙo ba ne a kunnensu.

Sai dai waɗanda suka gudo daga tsangwama su ma sun tsangwami wasu, kuma ba na tsallake wannan a aji. A Masacusets, tun 1631 sai ɗan coci ke da ƙuri'a. A 1635 suka yanke wa Roger Williams hukuncin kora, ya fita cikin tsananin sanyi, 'yan asalin ƙasar suka ba shi mafaka, ya kafa garin Providence a 1636. A 1660 aka rataye Mary Dyer a Boston saboda aƙidarta. Williams mutum ne mai tsananin riƙon addini, kuma saboda wannan riƙo ne ya ce hukuma ta cire hannu daga imanin mutane, don ibadar da aka yi bisa tilas ba ta kaiwa ga Allah.

Haka aka yi a Bajiniya bayan fiye da shekara 100. Ana ɗaure masu wa'azin Baptis don sun yi wa'azi ba da lasisi ba, abin ya ƙona ran James Madison, wanda daga baya ya zama jigo wajen tsara kundin 1787, tun yana saurayi. Da aka kawo shawarar karɓar haraji don biyan malaman Kirista a 1784, Madison ya yaƙe ta, 'yan Baptis suka yi ta aiko da takardun koke. A 1786 dokar 'yancin addini da Thomas Jefferson ya tsara ta samu wucewa. Shi ya sa kundin 1787 ya hana a gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙamin tarayya, gyaran 1791 kuma ya hana majalisar tarayya kafa addinin hukuma. Masacusets dai ba ta saki cocin hukumarta ba sai 1833.

Ba coci kaɗai ba ne tushen. Akwai gadon dokar Ingila tun Magna Carta ta 1215, takardar da ta yi wa ikon sarki iyaka, da majalisar da kamfanin 'yan kasuwa ya kafa a garin Jamestown na Bajiniya a 1619. A shekarar ce kuma aka sauke 'yan Afirka a Bajiniya aka sayar. Kundin 1787 ya ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru, ya kuma hana a soke shigo da bayi kafin 1808. Alkawarin nan nasu bai haɗa da kowa ba, kuma wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na koyar da shi.

Mu a Najeriya mun ɗauko tsarin shugaban ƙasa irin nasu a 1979, bayan aikin kwamitin da Janar Murtala ya kafa ƙarƙashin Rotimi Williams. Sashe na 10 na kundin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Kalmomin sun yi kama da nasu, amma hanyar da ta kawo mu nan daban ce. Don haka bayan labarin Bajiniya nakan tura ɗalibai su binciko muhawarar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a majalisar tsara kundi ta 1978, wadda ta kai wakilai da dama suka fice daga zauren, su zo su gaya mini me kowane ɓangare yake tsoro.