Fentin mai a bakin Binuwai, da tsofaffin zanen da na zaƙulo

Duk wanda ya ce maka zai fita zane da fentin mai a Garwa ta ƙasar Kamaru bayan ƙarfe tara na safe, to ko bai san garin ba ko kuma hoto kawai zai ɗauka a waya ya koma ɗaki. Ni da asuba nake ɗaure kaya a bayan moto, wato babur, akwatin fenti, ƙafa uku ta ɗora allon zane da wani kafinta ya haɗa min, gorar ruwa, in gangara bakin Binuwai ta wajen gada, don hasken da ake nema ba ya jira, kafin ka gama shafa launin sama inuwar da ka fara da ita ta riga ta matsa. Shi ya sa inuwa nake fara sawa, in na sa ta kuma shikenan, ko rana ta juya ba na bin ta. A Maris da Afrilu kuwa zafi na haura digiri 40, fentin ma saki yake a kan faranti.

Hunturu ne ya fi koya min aiki. Kowa ya san sama shuɗiya ce, amma ka tsaya ka kalle ta a watan Janairu, wallahi babu shuɗi ko kaɗan, toka-toka ce mai ratsin ɗorawa, dutsen Tingilin can nesa da ƙyar kake rabe shi da hazo. Kwalin shuɗi sai ya shekara a akwatina, fari da ruwan ƙasa su ke ƙarewa, su ne kuma masu cin jaka-jaka. Sai ƙura. Tana manne wa ɗanyen fenti, kar ka kuskura ka goge, ka bari ya bushe tukuna. In zan dawo gida sai in haɗa allo biyu fuska da fuska, in sa guntun tsinken ashana a kowace kusurwa don kada su taɓa juna, in ɗaure da roba.

Fita da allo fiye da ɗaya ma ba dabarata ba ce. Monet, mai zanen nan na Faransa, da yake zana tarin damman hatsi a 1890 da 1891, canza kyalle yake yi duk sanda haske ya canza. Kuma da wani Ba'amurke John Rand bai ƙirƙiro kwalin matsa fenti a 1841 ba, ban ga yadda za a yi mutum ya goya fenti a babur ba.

Ƴan kallo kuwa ba a rasa su. Wani dattijo masunci ya daɗe tsaye a bayana, can ya ce, "Malam, kwalekwalen nan nawa ne? Ai ya fi haka tsawo." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, yanzu za a ƙara masa." Na ƙara kuwa, kuma gaskiyarsa ce.

Kwanan baya na zaƙulo tsofaffin zanena daga bayan kabad, gara ta ci katakon wasu, farin da na sa a kan ruwa duk ya koma rawaya. Halin man lin ke nan, wato man da ake kwaɓa fentin da shi, in ya daɗe a duhu. Na jera su a ɗaki mai haske, ba a rana kai tsaye ba, cikin ƴan makonni farin ya fara dawowa. Masu tsagewa dai ba su da magani, wannan na faruwa ne in fentin ƙasa ya sha mai da yawa aka ɗora siririn fenti a sama, na saman ya bushe na ƙasan yana motsi. Fentin mai iska ce ke busar da shi a hankali, shi ya sa ake jira wata shida ko fiye kafin a shafa masa banish, ruwan sheƙin da ke kare zane.

Abin da ya ban mamaki, ƙananan da na yi da gaggawa a bakin kogi, ƙuda na damuna yara na surutu, su ne har yau masu rai. Manyan da na zauna a gida na yi ta gyara, sun yi tsaf amma ba ka jin zafin garin a jikinsu.

Wani abokina ya ce in bi su da burushi in gyara, yanzu ai hannuna ya faɗa. Na ƙi. Tsibirin yashin da ke cikin ɗaya ma babu shi yanzu, kogin nan kowace damina sabuwar hanya yake yi, balle in an saki ruwa daga madatsar Lagdo, kuma giginyar da ke gefe an sare ta. In na taɓa, me zan kalla in gyara da shi? Na dai rubuta wuri da wata a bayan waɗanda na tuna, na sa kafinta ya canza katakon da gara ta ci. Sabon allo zan ɗauka in koma wurin in ruwa ya janye, daga nan kuma ina son in leƙa Mindif, can wajen Marwa, lokacin da dawar masakwa ke kore a tsakiyar rani.