Allurar da ta yi mana rawa a hawan Mambila

Da asuba muka bar Serti a wata tsohuwar Land Rover, mu shida da buhunan gishirin shanu, za mu Mayo Ndaga. Direban dattijo ne, ya fi shekara ashirin yana hawa da sauka a dutsen Mambila. Ni ke gaba kusa da shi, don haka idona na kan allurar zafin injin tun daga Mayo Selbe, inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke ƙarewa.

Muna shiga Hawan Biyu da Sisi sai allurar ta fara abin da ban taɓa gani ba. Ta yi tsalle ta kai ja, kafin ka ce kwabo ta faɗo ƙasa kamar an kashe mota, sannan ta koma tsakiya tana karkarwa. Ga hazo, ga rami a gefe da ba a hango ƙarshensa. Na ce, "Baba, motar nan fa za ta tafasa."

Bai ce uffan ba sai da ya sami wuri mai faɗi ya raɓe, yaron mota ya diro ya sa dutse a bayan taya. Sannan ya ce, "Ɗana, ƙarfe da ruwa ba sa ɗaukar zafi su huce a ƙiftawar ido. In allura ta yi tsalle haka, ko waya ce, ko kuma iska ta zauna a inda ruwa ya kamata ya zauna." Ya kunna fitilun gaba, allura ta ɗaga. Ya kashe, ta sauko. Ya buɗe bonet ya nuna mini wayar at mai haɗa injin da jikin mota: bakinta ya yi tsatsa, notin kuma ya kwance. Ya kankare da sanfefa, ya ɗaure, rawa ta tsaya.

Fasinjoji suka yi hamdala, wani ma ya ce ashe dama ƙarya take mana. Baba dai bai saki jiki ba, kuma a nan na ƙara ganin girmansa. Da muka ci gaba da hawa a giya ta biyu, allurar ta riƙa ɗagawa a hankali, kaɗan-kaɗan, ba ta dawowa. Ya ce wannan kam zafi ne na gaskiya.

A Maisamari muka tsaya. Ya hana yaron taɓa murfin lagireto har muka sha shayi, injin ya huce, domin ruwan da ke ciki kan yi tsiri ya saɓule wa mutum fatar fuska. Da ya buɗe, ruwa ya ragu sosai, robar murfin ta tsattsage, ga farin zane a wuyan lagireto inda ruwa ke tsiyaya ya bushe. Murfin nan shi ke danne ruwa don kada ya tafasa da wuri. A bakin teku sai zafi ya kai digiri 100 ruwa ke tafasa, amma a tsayin mita 1,600 irin na Mambila, a wajen 95 yake tafasa, to ina ga murfin da ya mutu? Ramukan lagireton kuma jar laka ta toshe su ta bushe, iska ba ta ratsawa.

Ya zaro sandar gwada man injin, man baƙi ne, bai koma kamar madara ba, alamar ruwa bai shiga cikinsa ba. Ya cika ruwa, ya tada mota, muka leƙa bakin lagireto, babu kumfa mai tasowa. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa mai hana ruwa da mai haɗuwa, bai ƙone ba.

Wani matashin makanike ya ce, "Oga, a cire tamosta a jefar, an huta." Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici, kuma ta yi yawa a garejojinmu. Tamosta ita ce 'yar ƙofar da ke tare ruwa har injin ya ɗumama, sannan ta buɗe ya wuce lagireto. Baba ya ciro ta, ya roƙi mai shayi ruwan zafi a gwangwani, ya aza a wuta, ya jefa ta ciki. Muna kallo, ruwa na dab da tafasa ta buɗe baki a hankali. Ya ce lafiyarta ƙalau, kuma a sanyin nan injin da ba shi da ita ba ya ɗumama yadda ya kamata, sai shan mai da saurin tsufa. Ya mayar da ita, suka wanke lagireto ta baya don lakar ta fita ta inda ta shigo, ya sayi wani murfin. Yana zuba ruwa a hankali yana matsa tiyon sama da hannu har iska ta gama fita.

A Nguroje muka bar kwalta muka faɗa laka. Tudu bayan tudu, ciyawa shar, shanu na kiwo a cikin hazo. Sau uku muka sauka muka tura. Duk lokacin da na koma kujerata sai na dubi allura, tana nan daram a tsakiya, har muka shiga Mayo Ndaga ana kiran sallar isha'i.