Gyaran kantar littattafai: inda aka kwana a mako na shida

'Yan uwa masu tara littafi, wannan makon aikin ya tsaya ne a kan ƙananan littattafan Kano, irin waɗanda suka cika kasuwa tun tsakiyar shekarun 1980. Sun fi na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya saurin lalacewa. Akasarinsu a takardar jarida aka buga su, wadda ke yin ja ta riƙa karyewa, sannan da 'yar waya biyu aka ɗinke tsakiyarsu. Da laimar damina ta taɓa wayar sai ta yi tsatsa, tsatsar ta cinye takardar da ke kewaye, shafukan tsakiya su zube. Shi ya sa za ka ɗauki littafi bangonsa lafiya ƙalau, amma labarin ya yi tsalle daga shafi na 30 zuwa na 35.

Maganinsa ɗinki. A miƙar da ƙafafun wayar da bakin wuƙa, a zare ta waje. A huda wuri uku a kan ninkin: tsakiya, da sama da ƙasa, kowanne santimita 3 daga baki. Kada a koma tsohon ramin, ya riga ya ruɓe. Zaren ya kai tsawon littafin sau biyu da rabi. A fara daga ciki ta hudar tsakiya, a shigo ta sama, a tsallake zuwa ƙasa a fita, a dawo ta tsakiya, a ƙulle a kan dogon zaren. Idan aka ja da ƙarfi zaren zai yanka takardar, a bi a hankali.

Salatif kuwa a nisance shi. Gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita.

Kanta ta ɗaga daga ƙasa kamar santimita 15, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, don gara ta bango take ginowa, kuma sai iska na ratsawa fumfuna ke ja da baya. Ƙulle littafi a leda cikin watan Agusta kuskure ne, laimar ce ake rufewa tare da shi.

Rajista ma ta ci gaba: marubuci, suna, kashi na nawa, inda aka buga, shekara. Da yawa ba su da shekara, sai a rubuta "babu", kada a yi ƙiyasi. Rajistar ce ke tona wanda aka mallaki na ɗaya da na uku, na biyu ya tafi aro bai dawo ba.

Wayar hannu ita ce ta fi wuya. Labaran da ake turowa a WhatsApp shafi-shafi sun fi ƙarfin idon mutum ɗaya. Ƙa'idarmu a yanzu: littafi biyu kacal a hannu, ɗaya na takarda ɗaya na waya, ba a sauke sabo sai an gama ɗaya ko an goge shi. Mako mai zuwa za mu shiga masu kauri waɗanda gam ɗin gadon bayansu ya bushe da hunturu.