Daren da Babu Gajimare Ya Fi Tsada

Babu wanda ya faɗa mini kafin in taso cewa a Ingila ɗumin ɗaki ma sayensa ake yi, kuma lissafin kuɗinsa kaɗai ya isa ya hana magidanci barci. Na sauka a arewacin ƙasar ƙarshen shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnati ta sa baki don matsakaicin gida ya riƙa biyan kimanin fam 2,500 a shekara na gas da lantarki, ta kuma ba kowane gida tallafin fam 400 cikin wata shida. An gode, amma gidan da na kama tsoho ne, iska na shiga ta ƙasan ƙofa, mitarsa kuma mai kati ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin da kamfani ke zara kullum, ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Mutum zai kashe hita, ya kwana da rigar sanyi da safa biyu, amma da safe ya tarar an ɗebi wani abu, wai ladan kasancewar waya da bututu a gidansa. Akwai kuma wani ɗan allo da suka ajiye mini a kicin, mai nuna abin da na ci minti bayan minti, kuma a ganina ba a taɓa ƙera na'urar da ta fi shi tayar da hankali ba.

A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna ba sarari, sannan dare ya miƙe. Ƙarfe biyu idona biyu, ina lissafi. A irin wannan daren na fita filin da ke bayan gidan, sai na iske maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, zaune da bargo da madubin hangen nesa.

“Kai ma barcin ya ƙi?” ya tambaye ni ta saman shinge.

Na ce, “Yallaɓai, mita ce ta ƙi bari.”

Ya yi dariya, ya ce shi tun rasuwar matarsa ba ya barcin kirki, don haka ya koma tsarin da suke kira Economy 7, wanda wuta ke sauƙi na awa bakwai cikin dare, sai ya kunna injin wanki ya fito kallon sama. Sannan ya faɗi maganar da har yau take raina: duk daren da taurari suka fito sarai, shi ne ya fi tsada, domin gajimare ne ke riƙe ɗumin ƙasa, idan babu shi zafin ya tsere sama, gari ya waye da ƙanƙara a kan motoci.

Ya nuna mini tauraron arewa, wanda a gida yake ƙasa-ƙasa kusa da doron ƙasa, a nan kuwa sai ka ɗaga kai sosai. Ya ce in ina son ganin sama ta gaskiya in je Northumberland, inda aka keɓe wani yanki tun 2013 don kare duhun dare daga hasken fitilu. Na yi mamakin ƙasar da duhu ma sai an yi masa doka. Da ya juya zai nuna mini wani gungu, na riga shi, domin Kaza da 'Ya'yanta ce, kuma Inna ta nuna mini ita tun ban shiga makaranta ba. Na ji daɗin yadda ya dube ni, ba zan ɓoye ba.

Inna takan kira bayan ta idar da Asuba, kuma tambayarta ɗaya ce: “Auta, kana dai samun barci?” Ni kuma in ce, “Lafiya lau, Inna.” Yaya kuwa ya riƙe cewa tunda ba a ɗauke mana wuta, to mun gama da duniya, kuma duk wata saƙonsa yana zuwa kafin albashi ya shigo. Ban taɓa fashin aike ba, ko a watan da na yi mako ina ɗumama ɗaki ɗaya tak, kuma ba zan fara yanzu ba. Sai dai yaran Yaya biyu za su shiga sakandare bana, an riga an sa ni a lissafi ba tare da an tambaye ni ba, ga maganin hawan jinin Inna da ba ya jira. Na rubuta wa Yaya doguwar wasiƙa ina bayyana masa yadda kuɗin ke tafiya, amma na san in na tura, kafin Azahar maganar ta kai kunnen Inna.